Yadda za ka ba tauri da layar zana hujjar kimiyya a labarinka

Wani daren Asabar a fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maraɗi, an ɗauke kuran, sai na kunna fitilar salula na karanta wa abokai babi na uku na labarin da nake rubutawa. Jarumin ya gaji layar zana daga kakansa. Ni kuma don aikin ya amsa sunan ƙagaggen labarin kimiyya, na ce layar wata 'yar na'ura ce mai karkatar da haske ya kewaye mutum, kamar yadda ruwan gulbi ke kewaye dutse ya haɗe a gaba. Na kai aya ina jiran yabo. Ƙanen wani abokina, ɗan lise (babbar sakandare) mai shirin jarrabawar Bak, wanda aikinsa a fadar bai wuce fifita gawayi da juya shayi ba, ya ɗago kai ya ce: "Yaya, in haske bai taɓa shi ba, shi da mi yake gani?"

Ban amsa ba, don ba ni da amsa. Ido ba ya ganin komai sai haske ya shiga cikinsa. In haske ya kewaye jarumina kaf, to duk lokacin da ya ɓace wa mutane shi ma duniya ta ɓace masa. Na sa shi yana karanta takardu a ofishin abokan gaba alhali makaho ne. Shafi goma sha biyu suka tafi a banza.

Daga wannan dare na sake hanyar aiki, ita ce zan shimfiɗa a nan. Tushenta ɗaya ne: amfanin bayanin kimiyya a labari shi ne ya gaya maka abin da ikon ke ci wa mai shi da inda ya tsaya. Kowane allazi da nasa amanu. Marubucin da ya san amanun ya samu labari, wanda ya tsaya tara manyan kalmomi kuwa ɗan lise zai kayar da shi.

Mataki na 1: Rubuta ikon yadda mutane ke faɗinsa

Kafin ka buɗe intanet, je wurin tsofaffi. Mu a ƙasar Katsina da Gobir ba mu da talaucin irin waɗannan abubuwa: tauri, layar zana, baduhu, sagau, kau-da-bara, kiranye, kurciya, rikiɗa, wasan maƙera da wuta, asiran Sarkawa a ruwa. Zaɓi ɗaya tak, ka tambayi mutum uku ko huɗu yadda suka ji ana faɗinsa, ka rubuta amsoshin a takarda. Wa ke da shi, gado ne ko sha ake yi? Yaushe yake ci, yaushe yake ƙi? Mene ne sharaɗinsa, mene ne makarinsa?

Tambayoyi biyun ƙarshe su ne zinariya. Babu asirin gargajiya da aka taɓa ba mutum ba tare da "amma kada ka yi kaza" ba. A kan tauri, alal misali, za ka ji ana cewa ƙarfe ba ya cin ɗan tauri amma sillen kara na iya yanka shi. Wanda ya fara faɗin haka ya gama maka rabin aiki, domin ya ba ka doka, kimiyya kuwa da doka take aiki. Abin da ya rage shi ne ka nemo hanyar da za ta sa ƙarfe ya ƙi kara ya ci, ba tare da ka sauya ko ɗaya ba.

Akwai iyakar da ni ba na tsallakewa, kuma ina ba da shawarar a bar ta. Aljanu suna cikin Alƙur'ani har da sura sukutum, mu'ujiza ta Annabawa ce, karama ta bayin Allah. In ka ɗauko waɗannan ka ce za ka warware su da kwalabe da ma'auni, masu karatu za su bar labarin su koma kanka, kuma da gaskiyarsu. Fagenka asiran wasa da na yaƙi da na sana'a, da duk ikon da ka ƙaga da kanka. Ya isa mutum rubutun shekara ashirin.

Mataki na 2: Nemo halittar da ta riga ka

Kusan duk ikon da za ka yi tunani, Allah ya riga ya ba wata halitta ƙanƙanin kwatankwacinsa. Nemo ta, ka karanta yadda take yi, musamman abin da ba ta iya yi.

Ɗauki minjirya, kifin nan mara ƙaya a baya da masunta ke shakka. Tana cikin kogin Kwara da tafkin Cadi da kogin Nilu. Ƙarƙashin fatarta akwai wani nama da ya lulluɓe kusan dukan jikinta, ƙwayoyinsa a jere kamar batura, babbarta tana iya sakin lantarki da ya kai wajen bolt 350. Kuran na gidajenmu 220 ne. To ga jarumi mai bugu da lantarki ya samu uwa. Amma minjirya a ruwa take, ruwa kuwa yana kai lantarki. Busasshiyar iska ba ta kai shi: kafin tartsatsi ya tsallake tazarar milimita ɗaya a iska, sai an sami wajen bolt 3,000. Wannan 'yar walƙiyar da kake gani cikin duhu lokacin hunturu in ka yaye bargo, dubban bolt ce, sai dai ba ta da ƙarfin da zai yi lahani. Saboda haka jaruminka ba zai tsaya a bakin Babbar Kasuwa ya jefi mutum da tsawa daga nesa ba. Sai ya taɓa shi, ko su tsaya cikin ruwa ɗaya. Da damina, in gulbi ya kawo, abin tsoro ne. A watan Maris kuwa, a kan busasshen rairayi, ɗan dambe na iya gamawa da shi kafin ya kai hannu.

Jemage yana sakin ƙara mai tsinin da kunnenmu ba ya ji, ya saurari amsa-kuwwarta, ya san inda sauro yake cikin duhu. Akwai makafi da suka koyi irin wannan da ƙyasta harshe, sanannensu wani Ba'amurke ne mai suna Daniel Kish, har keke yake hawa. Giwa kuma ta ɗaya gefen take: tana gurnani ƙasa da abin da kunnen mutum ke kamawa, 'yan'uwanta su ji daga nisan kilomitoci. Mai son kiranye ya fara daga nan. Kira ne da ba a ji da kunne, amma yana da nisan da ba ya wucewa, iska da hayaniyar gari suna rage shi.

Wadda ta fi burge ni ita ce fara. Farar hamada in tana ita kaɗai lafiyayyar halitta ce mai gudun 'yan'uwanta. In abinci ya ƙaranta suka cunkushe wuri ɗaya, ƙafafunsu na baya suna gogar juna, cikin kamar awa biyu halinta ya juye ta zama mai neman taro. Masu bincike a Ingila sun nuna a 2009 cewa wani sinadarin jijiya mai suna serotonin ne ke kunna wannan juyi, kuma sinadarin yana cikin ƙwaƙwalwarmu mu ma. Duk wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 a jiharmu ya san abin da wannan juyi ke haifarwa. In kana son labarin mutanen kirki da wani abu ke mayarwa gayya guda mai ɓarna, ba sai ka je wata duniya neman dalili ba.

Mataki na 3: Ƙarya ɗaya kawai aka ba ka

Gaskiya zalla ba ta ba da ikon da ya wuce hankali, dole a yi ƙarya. Dabarar ita ce ƙaryar ta zama guda ɗaya, ka san inda ka ajiye ta, duk abin da ke gabanta da bayanta ya zama gaskiya. Bari mu gina tauri tare.

Gaskiya ta farko tana madafa. Auni garin kastad ko sitacin masara kofi biyu, ruwa kofi ɗaya, ka dama a kwano. Tura yatsa a hankali, zai nutse kamar cikin kunu. Yanzu ka naushe shi da sauri: zai tsaya maka kamar daɓe, ko fantsama ba zai yi ba. Ɗebo ka murza a tafin hannu ya dunƙule, ka daina murzawa ya narke ya zube ta tsakanin yatsu. Ƙwayoyin sitacin ne ke cakuɗewa su kulle juna in an matsa musu farat ɗaya. Ka gwada wannan da hannunka kafin ka rubuta komai, gani ya kori ji. Abin da ya koya maka shi ne ruwa-ruwa na iya zama tauri cikin ƙiftawar ido ya sake komawa.

Gaskiya ta biyu tana cikin laka. A 1975 wani mai bincike a Amurka, Richard Blakemore, ya bayyana wasu ƙwayoyin bakteriya da ke ƙera 'yan mitsi-mitsin maganaɗisu a cikin jikinsu, suna jera su kamar carbi, suna bin maganaɗisun ƙasa kamar allurar kamfas. Halitta mai rai tana iya jin abin da ya shafi ƙarfe ke nan.

Ga ƙaryar: akwai irin wannan bakteriya da ke zama ƙarƙashin fatar mutum, in baƙin ƙarfe ya kusanto sai ta jeru ta daskarar da ruwan da ke wurin. Babu ita a duniya, mu muka ƙaga ta. Daga nan kuma ba a yarda mu ƙara wata ba, sai bin abin da ta haifar. Jiƙon da ake sha don tauri shi ne hanyar shigarta jiki. Sillen kara ba ƙarfe ba ne, zai yanka, maganar tsofaffi ta zauna daram. Haka fasasshiyar kwalba, haka alminiyam. Harsashi galibi dalma ne da jan ƙarfe, maganaɗisu ba ya kama su, saboda haka ɗan taurinmu ba shi da komai a gaban bindiga. Kuma ko fata ta ƙi yankuwa, ƙarfin sara yana wucewa ciki: wanda aka sara da gatari a haƙarƙari zai tashi ba jini amma da karaya. Dubi yawan fage da ƙarya ɗaya ta buɗe.

Na san za a samu mai son gwadawa. Wannan na takarda ne, kada kowa ya ɗora wuƙa a jikinsa ko na wani.

Mataki na 4: Yi lissafin abin da ikon ke ci

Nan ne akasarinmu ke gudu, alhali lissafin bai fi na mai awo a kasuwa wuya ba. Ƙarfi ba ya fitowa daga babu. Duk abin da jarumi ya yi, daga abincinsa ya fito, ko daga batur, ko daga rana.

Riƙe waɗannan. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa a jikin kayan abinci, shi ne zafin da ke ɗaga litar ruwa da digiri ɗaya. Baligi yana ƙona 2,000 zuwa 2,500 a yini. Gero giram 100 yana da wajen 370, tiya guda mai kilo biyu da rabi ta haura 9,000 ke nan.

Yanzu a gwada. Jarumi ya ɗaga babur ɗin kabu-kabu mai kilo 100 sama mita 10 ba tare da ya taɓa shi ba. Nawa ya kashe? Bai kai kalori uku ba, dabino ɗaya ya ninka haka sau da yawa. Ɗaga kaya araha ne, abin mamaki. Matsalarsa wata ce daban: me ya tura babur ɗin, kuma ina nauyin ya sauka? Duk abin da ka tura yana tura ka. In nauyin a kansa yake, gwiwoyinsa su shaida, sawunsa ya nutse a rairayi.

Wuta kuwa tsada gare ta. Jarumi ya dafa hannu a duro mai lita 200 ya tafasa shi, daga digiri 30 zuwa 100. Lita 200 sau 70, kalori 14,000. Gero tiya ɗaya da rabi ke nan, abincin kusan kwana shida, a tashi ɗaya. Bai ma ƙare ba. Naman jikinmu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya ƙona yake mayarwa aiki, sauran ukun zafi ne da ke tsayawa a jiki. Mutum mai kilo 60, kalori 50 kacal ke ɗaga zafin jikinsa da digiri ɗaya, daga 37 zuwa 42 kuwa an shiga hannun ajali. Mai tafasa duro ya dahu tun ruwan bai yi ɗumi ba.

Sai ka rage buri. Maimakon duro, butar shayi mai rabin lita: kalori 35 ya fita, kimanin 105 ya tsaya a jiki, zafinsa ya hau zuwa 39. Ga mutum da ke iya tafasa shayi da tafin hannu, amma kowane tafasa zazzaɓi ne. Zai yi ta gumi, domin litar gumi in ta bushe tana kwashe zafi wajen kalori 580, don haka ba ya rabuwa da gorar ruwa, aljihunsa cike da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A sanyin Janairu yana iya yi sau uku a jere. A watan Afrilu, lokacin da Maraɗi ke haura digiri 40 a inuwa, sau ɗaya ma kasada ce. Wannan mutumin na fi son karanta labarinsa a kan mai ƙona gari da kallo, domin ranar da za a ce ya ceci wani da tsakar rana a bazara, na san ransa ya sa a faifai.

Mataki na 5: Nauyi ba ya ɓata

Wanda ya yi lakwal ya haddace dokar Lavoisier, cewa abu ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama. Mai rikiɗa ya kiyaye ta. Mutum mai kilo 65 ya zama kura, ba laifi, nauyin babbar kura ke nan. Ya zama kurciya, sai mu tambaya ina sauran kilo sittin da wani abu. Kada ka ce sun zama ƙarfi: giram ɗaya tak in ya juye ƙarfi gaba ɗaya ya zarce bom ɗin da aka jefa Hiroshima a 1945. Ko dai ya zama garken kurciyoyi ɗaruruwa, in an harbe goma ya dawo ba yatsu, ko ka bar shi a kura. Sannan ka ba shi lokaci. Tsutsa tana kwanaki a rufe kafin ta fito malam-buɗe-littafi, mai sake ƙashi da haƙora ba zai gama tsakanin Magariba da Isha ba.

Mai ɓacewa nan ya ɓulla can shi ma yana da bashi. Ƙasa tana juyawa, mu a Maraɗi tana tafiya da mu gabas da gudun fiye da kilomita 1,600 a awa, a Faris kuwa wajen 1,100 ne. Wanda ya ɓace a nan ya ɓulla can da gudun da ya taso da shi zai daki bango da bambancin. Zuwa Tibiri ko Madarumfa ba komai.

Mataki na 6: Daga ina ya samo shi?

Ƙofofi huɗu ne aka saba bi: gado, ƙwayar halitta da ta shiga jiki, na'ura, ko abin da ya faɗo daga sama.

In gado ne, sikila ta ishe ka darasi. Wanda ya gaji ƙwayarta daga gefe ɗaya yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya gada daga uwa da uba yana fama da ciwo. In masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Ɗora ikonka a kan wannan tsari: gefe ɗaya baiwa, gefe biyu masifa. Nan take auren zumunci ya zama abin faɗa a gidan jarumin, kaka tana so, likita yana hanawa, labarin soyayya ya shigo da ƙafarsa. Akwai kuma gadon da ta wajen uwa kaɗai yake bi, na wasu 'yan injinan ƙarfi da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, ana ce musu mitokondiriya. Namiji yana karɓa amma ba ya miƙawa. Wani zai ce ga hujjar maita da ake cewa a nono ake sha. Ni dai ba zan rubuta wannan ba. Akwai tsofaffin mata da wannan zargi ya raba da gidajensu, ba na son littafina ya zama shaidar masu jifa.

In daga sama ne, ba sai an je Amurka ba. A watan Oktoba na 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito, wadda Larabawa ke kira Mirrihi. Wani mai kusan kilo 25, shi ma na duniyar Mas, an tsince shi a jihar Agadas a 2023, aka sayar da shi a Niyok a 2025 kan fiye da dalar Amurka miliyan 5. Dutse na uku da zai faɗo a gonar gero kusa da Jiratawa, naka ne ka ƙaga, ka sa abin da kake so a cikinsa.

Abu ɗaya ka bari: yuraniyam. Don muna da Arlit, garin ma'adinin yuraniyam, kowa yana son jaruminsa ya taɓa shi ya zama gagara-badau. Tururin nukiliya yana lalata ƙwayoyin jiki ne, abin da yake bayarwa ƙuna da sankara.

Mataki na 7: In jiki ya ƙi, koma kan mai kallo

Mu dawo kan layar zanata. Karkatar da haske ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya: a 2006 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun ƙera wani zobe da ya sa igiyoyi irin na na'urar rada mai hango jirage suka kewaye ƙaramin abu. Amma launi ɗaya na igiya ne, ba hasken ido ba, kuma tambayar ɗan lise tana nan. Ina iya barin ramuka biyu daidai ido, sai mutane su riƙa ganin ɗigo biyu baƙaƙe suna yawo a iska. Sawunsa ma zai fito, ƙurar hunturu ta zana siffarsa, kare ya shinshino shi.

Hanya ta biyu ta fi arha. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifa. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiya, ya tsaya ya daki ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Idonsu ya kama shi, hankalinsu ne bai ɗauka ba. Sai na mayar da layar abin da ke fitar da wani ƙamshi mai kawar da hankalin na kusa. Ƙaryata ɗaya ke nan. Sakamakonta: kyamara tana ganinsa sarai, wanda ke nesa yana ganinsa, iska in ta juya asiri ya tonu, mai mura ba ya kamuwa. Wanda kuma ya fito nemansa shi musamman, kamar uwarsa, da wuya ya ɓace mata.

Haka za ka yi da karanta zuciya. Tun 1924 likitan nan na Jamus Hans Berger ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum, kuma abin da ya ja shi ga binciken shi ne ya yarda tunani na iya tafiya daga kai zuwa kai. Abin da ya samu siginar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba, sai an manna waya a fatar kai ake jin ta. Jaruminka mai karanta zuciya, ko dai a dasa wa mutane na'ura, ko ya zama gwanin karanta numfashi da gumi da rawar murya, wanda maƙaryacin da ya yarda da ƙaryarsa zai iya yaudara.

Mataki na 8: Zuba bayanin kaɗan-kaɗan

Duk lissafin nan na littafin ajiyarka ne. Abin da zai shiga labari bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, kuma ta hanyar aukuwa zai shiga. Kada farfesa ya tsaya gaban allo shafi uku. A nuna ɗan tauri ya fito daga wasa lafiya, ya je gida ƙanwarsa ta ga jini a ƙafarsa, ashe kwalba ya taka. Mai karatu zai haɗa sauran.

Kalmomi kuma ka ɗauko na bakin mutane. Maƙeri zai ce fatar "ta sha ƙarfe", ma'aikaciyar asibiti ta ce "wata ƙwaya ce", tsoho ya ce "wanga abu na kakanninmu ne, ku dai ku kiyaye sharaɗi". Bar kowa da fahimtarsa, kada ka mayar da tsohon wawa, domin sharaɗin da ya riƙe shi ne ke ceton jarumi tun kafin a kawo madubin likita. Ka guji kalmar kwantam, wato kimiyyar mafi ƙanƙantar ƙwayoyin abu, in ba ka san ta ba. Ta zama layar marubuta, ana rataya ta a duk inda bayani ya ƙare. Ƙwayoyin kwantam masu haɗin kai daga nesa gaskiya ne, an ba da kyautar Nobel a kansu a 2022, amma ba a iya aika saƙo da su ya riga haske.

Mataki na 9: Saki ikon a gari, ka kai wa masu gardama

Tambaya ta ƙarshe: in abin nan gaskiya ne, me Maraɗi za ta yi da shi? Garin 'yan kasuwa ne. In tauri ƙwaya ce da ake sha, cikin wata shida wani Alhaji ya sa an ɗura ta a kwalba, ana lodinta zuwa Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa, na jabu ya cika kasuwa. Mahauta da masu walda za su saya, sojoji su zo tambaya. Likitan tiyata zai rasa yadda zai yi da mara lafiyar da wuƙarsa ba ta shiga, allura ma ƙarfe ce. Makarin kuwa yana kan tiren mai tallar magani: tunda bakteriya ce, kwana biyar na maganin kashe ƙwayoyin cuta ya wanke ta. Abokin gaba ba ya bukatar boka, ya ishe shi ya san wanda ke dama wa jarumi fura.

In ka gama, karanta wa mutum uku: wanda ya san kimiyya, ko malamin lise ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tsoho ko tsohuwa da suka san asalin abin, da yaro mai yawan tambaya. Ka ba su shayi, ka riƙe biro, kada ka kare kanka.

Na mayar da sabon babin layar zana fada bayan sati uku. Ɗan lisen ya saurara har ƙarshe yana zuba na biyu a kofuna, ya miƙo mini nawa, sannan ya ce: "Yaya, ƙamshin nan, shi mai layar ba ya shaƙarsa?" Yanzu jarumin yana yawo da auduga a hanci, yana numfashi ta baki, kuma sau biyu a babi na biyar ya manta abin da ya kai shi ofishin.